Muhawara: Me Syukuro Manabe ya ƙara wa ilimin yanayi da har ya kai shi ga lambar Nobel?

Malamin_Jogarafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka karanci kimiyyar yanayi a cikinmu. A watan Oktoba na 2021 aka ba Syukuro Manabe, masanin yanayi ɗan asalin Japan, lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks, tare da Klaus Hasselmann na Jamus da Giorgio Parisi na Italiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun a 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon za ta ɗumama duniya, kuma tun kafin shi John Tyndall ya nuna a ɗakin gwaji cewa wannan iska tana tare zafi. To, tunda an san haka tun ƙarni na 19, wane sabon abu ne Manabe ya kawo? A ganina sa'a ya yi ya tarar da kwamfuta a zamaninsa, ya zuba mata lissafin magabata, ta fitar masa da amsa. Ina so in ji ta bakinku kafin in faɗa wa ɗalibaina haka.

Ɗalibar_Fiziks:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ina ganin an rage masa haƙƙinsa a wannan bayani. Arrhenius ya duba zafin da ke shiga da wanda ke fita ta hanyar haske ne kawai, bai sa motsin iska a cikin lissafinsa ba. Alhali idan ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta tana tashi sama ɗauke da zafin da tururin ruwa, kuma idan tururin ya zama gajimare sai ya saki zafin a can sama. Duk wanda ya bar wannan a waje zai samu ƙasa ta fi yadda take zafi, sama kuma ta fi yadda take sanyi. A 1964 Manabe da Robert Strickler suka shigar da wannan motsi cikin lissafi ta hanya mai sauƙi: duk inda sanyin iska ya ƙaru fiye da digiri 6.5 a kowace kilomita ɗaya ta hawa, sai a daidaita shi ya koma wannan ma'auni, ba tare da an zubar da ƙwayar zafi ko ɗaya ba. Sai a 1967 shi da Richard Wetherald suka ƙara abin da ya kammala aikin, wato yadda danshin iska ke bin zafi. Kwamfuta ba ta san wane abu za a saka da wanda za a bari ba. Mutum ne ya zaɓa.

Bazazzagi_88:
Malama, don Allah ki faɗaɗa mana batun danshin, domin a nan ne yawancinmu muke ɓacewa.

Ɗalibar_Fiziks:
To, ɗan'uwa. Iska mai ɗumi tana iya ɗaukar tururin ruwa fiye da mai sanyi, da kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya. Shi kuma tururin ruwa yana tare zafi kamar yadda iskar kabon take yi. Saboda haka idan kabon ya ɗan ɗumama iska, sai ta ƙara ɗaukar tururi, tururin ya ƙara ɗumama ta. Manabe da Wetherald sun ɗauka cewa abin da ba ya sauyawa shi ne kason danshin da iska ta ɗauka idan aka gwada shi da iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba yawan tururin kansa ba. Da suka ninka iskar kabon daga kashi 300 zuwa 600 cikin miliyan, suka bar yawan tururin yadda yake, ɗumamar ta tsaya a wajen digiri 1.3. Da suka bar tururin ya bi zafi, sai ta kai wajen digiri 2.3 zuwa 2.4. Wannan tazara ita ce zuciyar maƙalar, kuma awon da aka yi ta yi a shekarun baya ya nuna cewa zaton nasu ya yi kusa da gaskiya ƙwarai.

Injiniya_Kofar_Mata:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar kwamfuta. Na'urorin da suka yi aiki da su a shekarun 1960 ba su kai wayar da ke hannun kowannenmu ƙarfi ba, ko kusa. Wannan ne ya tilasta musu taƙaita duniya gaba ɗaya zuwa dogon ginshiƙin iska guda ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, wanda aka yanka hawa-hawa. Duk wanda ya taɓa tsara lissafi a na'ura mai ƙaramin ƙarfi ya san cewa wahalar ba ta rubuta umarnin ba ce, wahalar ita ce sanin abin da za ka yar ba tare da ka yar da gaskiyar ba. Ni a wurina gwanintar Manabe ke nan.

Malamin_Jogarafi:
Na gode Malama, na gode Injiniya. Amma har yanzu ina da sauran ja. A kan ninka kabon, Arrhenius ya samu digiri 5 zuwa 6, su sun samu sama da 2 kaɗan. Duka biyun ɗumama ce. Gyaran adadi ya isa a kira shi sabon ilimi?

Hajiya_Mai_Nazari:
Malam, ba adadin kaɗai ba ne. A cikin maƙalar ta 1967 akwai wani hasashe da babu shi a wurin Arrhenius, kuma shi ne ya fi burge ni. Sun nuna cewa idan kabon ya ƙaru, sashen ƙasa na sararin sama, inda gajimare da ruwan sama suke, zai ɗumama, amma sashen da ke samansa, wanda ake kira sitiratosfiya, zai yi sanyi. Muhimmancin wannan shi ne yana raba gardama tsakanin dalilai biyu. Da a ce ƙarin hasken rana ne yake ɗumama duniya, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Taurarin ɗan'adam da suka fara auna zafin waɗannan sassa tun daga 1979 sun nuna ƙasa tana ɗumama, sama tana sanyi. Mutum ya faɗi abin da za a gani shekara 12 kafin a samu na'urar da za ta riƙa ganinsa a kai a kai. Shi ya sa a 2015, da shafin Carbon Brief ya tambayi masanan da ke rubuta rahotannin IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wace maƙala ce ta fi tasiri a fannin, wannan ce ta zo kan gaba.

MaiAwonRuwa:
Hajiya, maganarki haka take, sai dai a ƙara cewa wani ɓangare na sanyin da aka gani a ƙasan sitiratosfiya ya samo asali ne daga raguwar iskar ozon mai tsotsar wani ɓangare na hasken rana a can sama, ba kabon kaɗai ba. A can ƙololuwar sashen ne hannun kabon ya fi fitowa fili. Ina faɗin haka ne don kada wani ya kama mu da wannan a wata muhawarar.

Ɗan_Maradi:
Ni ban san tarihin mutumin ba. Yaya aka yi ɗan Japan ya zama jigo a cibiyar gwamnatin Amurka?

Hajiya_Mai_Nazari:
An haife shi a 1931 a wani ƙauye mai suna Shingu, a lardin Ehime da ke tsibirin Shikoku. Mahaifinsa likita ne, kakansa ma likita, kuma shi ma an so ya bi sahunsu, amma ya karkata zuwa ilimin yanayi a Jami'ar Tokyo, inda ya kammala digirin digirgir a 1958. A lokacin Japan ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba, aiki ga masu irin karatunsa ya yi ƙaranci. Joseph Smagorinsky, wanda ke jagorantar wani ƙaramin sashen bincike a hukumar hasashen yanayi ta Amurka a Washington, ya ga rubuce-rubucensa ya gayyace shi a wannan shekarar. Sashen ne ya zama cibiyar binciken yanayi ta GFDL, wadda ta koma garin Princeton a 1968. Manabe ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1975. Ya koma Japan a 1997 ya jagoranci wani sashen binciken ɗumamar yanayi har zuwa 2001, sannan ya dawo Princeton. Yana da shekara 90 aka ba shi Nobel.

Injiniya_Kofar_Mata:
A nan ne zan ɗan goyi bayan Malamin_Jogarafi. Smagorinsky ya ɗauke wa Manabe nauyin neman kuɗi da na mulki, ya samo masa kwamfutoci mafiya ƙarfi na zamanin, ya haɗa shi da masu rubuta umarnin na'ura. Shi kansa Manabe ya faɗa bayan an sanar da lambar cewa bai taɓa rubuta takardar neman kuɗin bincike ba a rayuwarsa. Masani nawa ne a duniya zai iya faɗin haka? Basira tana nan, amma an share mata fili. Kuma Wetherald, wanda sunansa ke kan maƙalolin 1967 da 1975, ya rasu a 2011, ba a kuwa ba da Nobel ga mamaci.

Ummu_Khalil:
Kowa yana ta maganar iska, an manta da teku, alhali a nan ne nake ganin tasirinsa ya fi nisa. A 1969 shi da Kirk Bryan, masanin teku a cibiyar tasu, suka haɗa samfurin lissafin iska da na teku, wato kwaikwayonsu a cikin kwamfuta, wuri guda, karo na farko da aka yi haka. Matsalar da suka fuskanta babba ce: iska tana daidaituwa cikin watanni, amma ruwan ƙasan teku yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Dabarar da suka yi ita ce su bar agogon tekun ya yi gudu fiye da na iskar, shekara ɗaya ta iska a kan kusan shekara 100 ta teku, suna musayar zafi da ruwa da ƙarfin iska a tsakaninsu. Duniyar da suka zana ma ba cikakkiya ba ce, wani yanki ne mai tudu a gefe guda da ruwa a ɗaya gefen. Duk da haka, duk manyan samfuran da rahotannin IPCC suke dogara da su a yau daga wannan haɗin suka samo tsari.

Amfanin haɗin ya fito sosai a 1989, lokacin da Ronald Stouffer da Manabe da Bryan suka riƙa ƙara kabon da kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wanda ke ninka shi cikin kimanin shekara 70. Sun samu cewa tudu zai fi teku saurin ɗumama, yankin ƙanƙara na arewa zai fi ko'ina, amma tekun da ya kewaye Antatika da wani yanki na arewacin Atlantika za su yi jinkiri ƙwarai, domin a wuraren nan ruwan sama-sama yana cakuɗuwa da na ƙasa, yana tafiya da zafin zuwa zurfi. A 2017 Stouffer da Manabe suka ɗora wancan taswira a kan abin da aka auna, aka ga sun yi kama. Wannan ba abu ne da Arrhenius zai iya hangowa da alƙalami ba.

Bazazzagi_88:
Yaya Ummu_Khalil, na karanta cewa an zargi waɗannan samfura da yin gyaran fuska don su fito daidai. Mene ne gaskiyar wannan?

Ummu_Khalil:
Akwai ƙanshin gaskiya, amma ba a ɓoye aka yi ba. Idan aka haɗa samfurin iska da na teku a wancan zamani, ƙananan kurakuran kowanne suna taruwa har yanayin ya riƙa zamewa daga yadda duniya take. Sai suka riƙa ƙara ko rage wani tsayayyen adadi na zafi da ruwa a saman tekun don ya tsaya a wuri ɗaya, suka kuma rubuta hakan a fili cikin maƙalolinsu. Masana da yawa sun soki wannan, suna cewa faci ne a kan abin da ba a gane ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun samfuran da ba sa bukatar facin, kuma manyan sakamakon ba su rushe ba.

MaiAwonRuwa:
Na yi shekaru ina aikin auna ruwan sama a wata tashar yanayi. Kullum da safe sai in ɗaga mazurarin ma'aunin, in juye ruwan da ya taru a cikin kwalbar awo mai zane-zanen milimita, in tsuguna har idona ya yi daidai da saman ruwan, in rubuta a littafi. Wani lokaci ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya a tashar, amma ƙauyen da ke nesa da mu da tafiyar rabin awa ko ɗigo bai samu ba. Shi ya sa idan aka ce mini samfuri ya yanka duniya zuwa murabba'ai masu faɗin ɗaruruwan kilomita, ya ba kowane murabba'i adadin ruwa guda, sai in ce a yi hattara. Manabe ya ɗauki ƙasar noma a matsayin bokiti mai cin ruwa santimita 15, idan ya cika sai ya malala ya zama kogi. Ƙasar jigawa da ta fadama ba ɗaya ba ne, kowane manomi ya san haka. Ina girmama aikinsa a kan zafin duniya, amma a kan daminarmu ina da shakka.

Ɗan_Maradi:
Baba MaiAwonRuwa ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, dabbobi suka ƙare, Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ya bar kaɗan. A sanadin farin farko ne ma aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Ina son in san ko aikin wannan mutum ya taimaka wajen gane abin da ya same mu.

Hajiya_Mai_Nazari:
Ya taimaka, amma ta bayan gida, kuma bai kamata mu jingina masa abin da ba shi ya yi ba. A 1975 Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa kiwo da sare itatuwa sun tsiraita ƙasar Sahel, ƙasa mai haske kuma tana mayar da hasken rana sama, sai iska ta daina tashi, ruwa ya ragu. An daɗe ana ɗora wa makiyaya da manoma laifi da wannan. A 1986 Folland da Palmer da Parker a Ingila suka nuna cewa daminar Sahel tana bin bambancin zafin teku tsakanin arewaci da kudancin duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba wani samfurin iska tarihin zafin teku kawai, ba tare da sun sauya komai a kan tudu ba, sai ga farin shekarun 1970 da 1980 ya fito. Babu sunan Manabe a waɗannan maƙaloli, amma hanyar da aka bi, wato a gina duniya a kwamfuta a sauya abu ɗaya a ga abin da zai biyo baya, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Da wannan hanya aka sauke wa Bafillace mai kiwo babban kaso na laifin da aka ɗora masa.

Ɗalibar_Fiziks:
Amma shakkar Baba tana da tushe. A 2005 Isaac Held, wanda ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Manabe, ya fitar da sakamakon sabon samfurin GFDL tare da abokan aikinsa. Samfurin ya kwaikwayi farin ƙarni na 20 da kyau, sannan ya yi hasashen bushewa mai tsanani a Sahel a ƙarni na 21. A daidai lokacin wani samfurin Japan yana nuna ƙaruwar ruwa a yankin. Gida ɗaya na ilimi, amsa biyu masu karo da juna. Yawancin samfuran baya-bayan nan sun fi karkata ga ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel da raguwa a yammaci wajen Senegal, amma saɓanin bai ƙare ba. Na yi amfani da bayanan irin waɗannan samfura a aikin digirina na biyu, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne ranar faɗuwar damina, domin wasu suna kawo ta da wuri da makonni.

Bazazzagi_88:
To idan haka ne, ashe Malamin_Jogarafi bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da aka tabbatar shi ne ɗumama, wadda aka sani tun da. Abin da muke bukata, wato ruwa, ba a warware ba.

Ummu_Khalil:
Ban yarda da wannan ba, ƙanena. Kafin 1967 masana da dama ba su ɗauki lissafin Arrhenius da muhimmanci ba. Ko a 1963 Fritz Möller ya yi irin lissafin ya samu amsoshi masu tsalle, wani lokaci ɗumama mai yawan gaske, wani lokaci har sanyi, gwargwadon ɗan abin da ya sauya a zatonsa. Ana zargin abu daban ne da an san shi. A 1975 Manabe da Wetherald suka maimaita gwajin ninka kabon a samfuri mai faɗi da tsawo da tsayi, suka samu digiri 2.9, suka kuma ga ƙafewar ruwa da saukarsa sun ƙaru. A 1979 kwamitin da Charney ya jagoranta ya ɗauki sakamakon Manabe da na James Hansen ya fitar da iyakar ɗumamar da ninka kabon zai kawo, digiri 1.5 zuwa 4.5, wadda aka yi shekaru kusan 40 ana aiki da ita. Rahoton IPCC na 2021 ya tsuke ta zuwa 2.5 zuwa 4, ya ce mafi rinjaye shi ne 3. Iskar kabon kuwa, da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958 tana wajen 315 cikin miliyan, yanzu ta haura 420.

Malamin_Jogarafi:
Na karɓi batun sanyin sama da na tekun kudu, domin waɗannan hasashe ne da aka yi kafin a gani, kuma zan koyar da su a haka. Inda nake tsaye har yanzu shi ne batun rabon yabo. Idan Smagorinsky ne ya gina gidan, Bryan ya kawo tekun, Wetherald da Stouffer suka yi aikin na'ura, ɗaga mutum ɗaya sama yana koya wa yara cewa kimiyya aikin gwarzo guda ce.

Injiniya_Kofar_Mata:
Ƙa'idar Nobel ce ba ta wuce mutum uku, kuma a wannan karon rabin lambar ya tafi ga Parisi a kan wani fanni daban, Manabe da Hasselmann suka raba sauran rabin. Amma Malam, ka duba jerin maƙalolin da aka ambata a nan: ta 1964 da Strickler, ta 1967 da ta 1975 da Wetherald, ta 1969 da Bryan, ta 1989 da Stouffer da Bryan. Abokan aikin suna sauyawa, suna ɗaya ne yake maimaituwa tsawon shekara 25.

MaiAwonRuwa:
Ni abin da nake so a faɗa wa ɗaliban shi ne, a gwajin 1967 da na 1975 gajimare a daskare yake, an ba shi adadi an hana shi sauyawa, domin ba a san yadda zai amsa ɗumama ba. Har yau gajimare ne babban dalilin da ya sa wani samfuri ke cewa digiri 2.5 wani yana cewa sama da 4. Hadarin da ke kawo mana yawancin ruwan damina kuma yana tasowa ne daga gabas a jere, yana tafiya yamma cikin 'yan awoyi, kuma layin da ruwan ya fi ƙarfi a cikinsa ya fi murabba'in yawancin samfuran duniya ƙanƙanta. Sai an samu samfuri mai ƙananan murabba'ai na kilomita kaɗan, da tashoshin awo masu yawa a Sahel da za a gwada shi da su, kafin in yarda da abin da zai ce game da Agustan shekara 30 masu zuwa.